Mai Alli, Wanda Ya Koya Wa Fitilun Mota Ladabi

Kafin ƙarfe bakwai na safe ya riga ya buɗe rumfarsa. Ba waya yake fara taɓawa ba, tsintsiya yake ɗauka. Yakan share daɓen simintin da ke gaban bango tas, har ƙananan duwatsu sai ya sunkuya ya tsince, don a cewarsa tsakuwa guda a ƙarƙashin taya tana iya ɗaga hancin mota ta sa awo ya yi ƙarya. Sannan ya jiƙa tsumma ya goge layukan jiya daga jikin bangon. Sai ya gama wannan yake zama a kan tsohuwar kujerar motar da ya jingine a bakin ƙofa, ya tsiyayi shayin da matarsa ta zubo masa a fulas, yana kurɓa yana jiran motar farko.

Shekara arba'in da uku ke nan yana gyaran wutar mota a wannan layi, tsakanin mai faci ta dama da mai fenti ta hagu. Batir, hon, sigina, wayar da ɓera ya ci, duk nasa ne. Amma abin da aka fi saninsa da shi fitila ce. Duk motar da ya taɓa wa fitila sai ta fuskanci bangon nan, taku goma daidai, ya auna tsayin fitilar daga ƙasa, ya ja layi a bango, ya daidaita hasken har sai ya kwanta a ƙarƙashin layin. Guntun allin da yake jan layin kullum yana maƙale a bayan kunnensa, ko ɗaurin aure ya je. Shi ya sa ake ce masa Mai Alli. Jikokinsa ma haka suke kiransa, in ba ya kusa.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa yanzu, yana raye, kunnensa yana ji.

Shekarun baya-bayan nan kasuwa ta cika da fitilun ƙari. Akwai masu zagaye kamar faranti, akwai dogaye kamar sanda masu ƙananan ƙwayaye jere, haskensu fari fat kamar na walda. Suna da araha, kuma duk mai mota yana so. Da yawan masu gyara sun samu abin yi: a huda, a ɗaure, a jona waya kai tsaye da batir, rabin awa an gama. Mai Alli ma yana sa fitilun ƙari, bai taɓa cewa haramun ne ba. Ya san hanyoyin da babu fitilar titi, ya san ramuka, ya san shanun da ke tsallakawa ba sallama. Abin da ya ƙi shi ne ya sa su yadda doka ta hana. Shafin dokar yana nan a cikin leda, an kafe shi da ƙusa a jikin ƙofa, ya yi ruwan ƙasa saboda tsufa. Wanda ya yi masa gardama, sai ya nuna masa da baki ya ce, "Karanta. In ba ka iya ba, zauna in karanta maka."

Wata mata da ke tuƙa motar 'yan makaranta ba ta gajiya da ba da labarinsa. Ta zo masa da fitilu huɗu sababbi a kwali, ta ce ba ta ganin hanya idan ta fita da sassafe. Ya zagaya motar, ya shafa gilashin fitilunta na asali, ya ga sun yi rawaya sun dushe.

"Hajiya, mayar da waɗannan ki karɓi kuɗinki," in ji shi. "Motarki ba ƙarin ido take nema ba, kwantsa ce ta yi mata yawa."

Ya zauna ya goge gilasan har suka yi ƙal, ya canza ƙwan fitila guda, ya daidaita hasken a bango. Da ta kunna sai ta riƙe baki. Abin da ya karɓa a hannunta bai kai ladan sa fitila ɗaya ba.

Wani attajiri kuwa da babbar mota ya zo, yana son a sa masa fitilu ja da shuɗi masu walƙiya a gaba, don a riƙa buɗe masa hanya. Mai Alli ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, "Alhaji, ashe ka shiga aikin ɗan sanda ba mu zo murna ba?" Alhaji bai yi dariya ba. Ya ja motarsa ya bar musu ƙura.

"Malam, kai dai arziki yana biyo ka har ƙofa kana korarsa da tsintsiya," in ji mai faci.

"Kai da kake kwana kana fatan mutane su taka ƙusa, kai za ka koya mini sana'a?"

Haka suke tun suna da baƙin gashi.

Ba a haife shi da wannan taurin kai ba. Yana saurayi, sabon buɗe rumfa, ya taɓa jera wa wata babbar mota fitilu shida a goshi, yana alfahari, har yana kiran mutane su zo su ga aiki. Bayan wata biyu aka ce telan da ke ɗinka masa kaya ya faɗa kwalbati da kekensa na hawa a hanyar da motar take bi, ƙugunsa ya karye. Da ya je dubiya, telan ya ce shi dai wani haske ya taso masa, daga nan bai ƙara ganin komai ba. Babu wanda ya ce motar ce. Har yau Mai Alli bai san tabbas ba. Amma telan bai sake taka keken ɗinki ba, shi kuma bai sake jona fitila yadda mai mota ya ga dama ba.

Kai ne, Mai Alli, ka ɗauki laifin da babu wanda ya ɗora maka, ka mayar da shi ƙa'idar aiki. Kai ne kake tuna mutumin da ba ya cikin rumfar, ba shi ya biya ka ba, ba zai taɓa sanin sunanka ba: wanda zai taho ta ɗaya hannun.

Jarrabawa mafi wuya kuwa daga cikin gida ta fito masa.

Mijin autarsa direba ne. Shekara goma sha biyu yana tuƙa motar mutane yana tari, har Allah Ya ba shi tasa, 'yar farar mota mai rufaffen baya. Ƙwai yake ɗaukowa daga gonakin kaji yana kai wa 'yan kasuwa. Hanyar gonakin duk ramuka ce, rami guda kuma in ya shammace shi, ribar yini ta zama ruwa a bayan mota. Wata safiya ya faka a gaban rumfar, ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya kwance wata doguwar fitila daga cikin kwali, ta kusa faɗin motar.

"Baba, a kan rufi nake so a ɗaura ta. A ba ta makunninta daban, duk sanda na so in kunna."

Mai Alli ya karɓa, ya juya ta gaba da baya yana neman tambarin da ke nuna an yarda a hau titi da ita. Babu. Ya miƙa masa.

"Ba zan sa ba."

"Baba, ramukan hanyar nan..."

"Na san ramukan. Wannan ta jeji ce, ba ta titi ba. Ba zan sa ba, ko kai ne."

Mai faci yana wurin, mai fenti yana wurin, da direbobi uku masu jiran aiki. Wani ya yi ƙaramar dariya. Surukin, mijin autar, ya mayar da fitilar kwali, ya ce, "To Baba, a tashi lafiya," ya tafi.

Labari ya riga Mai Alli isa gida. Inna, matarsa, ta ajiye masa abinci da ɗan ƙarfi fiye da kullum.

"Malam, mijin 'yarka ne fa. Uban jikanka. Ko da ba za ka yi ba, ba sai ka ja shi gefe ba? Sai a gaban mai faci, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko yana barci?"

Mai Alli ya tsura wa kwanon ido. Can ya ce, "Wannan kam na yi kuskure."

"To ka sa masa mana a wuce wurin."

"Wannan kuma ban yi kuskure ba."

Inna ta tafa hannu ta shige ɗaki.

Bayan kwana biyu Auta ta zo da goyo, idonta ya kumbura. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba haka ya tarbiyyantar da ita ba. Ta zauna a bakin tabarma tana wasa da gefen mayafinta.

"Baba, ya ce ranar Asabar zai kai wa mai gyaran wuta na layin baya. Ya ce shi minti talatin zai ɗaura masa, ba wa'azi. Ni ban san abin da zan ce masa ba. Idan na goyi bayanka ya ce gidanmu mun raina shi, idan na yi shiru kuma..." Sai hawaye.

Ranar Mai Alli bai iya cin abinci ba. Ya san na layin baya, ya san aikinsa: waya tsirara, babu fiyus, a naɗe da leda. Ya ga cewa ƙin da ya yi bai hana komai ba, ya dai tura yaron inda ya fi muni, ya kuma jefa 'yarsa tsakanin miji da uba. Washegari da safe bai buɗe rumfa ba. Ya sa doguwar rigarsa, ya taka da ƙafa har gidan surukin, ya yi sallama a ƙofa. Surukin ya fito a rikice, yana neman inda zai sa kansa, don bai taɓa tsammanin dattijon zai tako gidansa a kan wannan ba.

"Na zo ba ka haƙuri," in ji Mai Alli. "Na kunyata ka a gaban mutane, bai kamata ba."

"Haba Baba, don Allah, ni ne..."

"Tsaya in gama. Abu ɗaya nake roƙo. Ka zo da fitilar nan yau da azahar, ka ba ni minti goma. Bayan nan ka kai ta duk inda kake so, ba zan ƙara magana ba."

Da azahar ya zo. Mai Alli ya shigar da shi cikin rumfar, ya ja ƙofar kwano ya rufe, ya toshe taga da tsohon tamfol. Wurin ya yi duhu, sai siririn hasken rana da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya zaunar da shi a kan benci a ƙuryar ɗakin.

"Kana ganin hasken ƙarƙashin ƙofar can?"

"Ina gani sarai, Baba."

"To kai ne direban da ke tahowa. Ni ne kai."

Ya jona doguwar fitilar da batir. Rumfar ta ɗauke da fari kamar an fasa rana a ciki. Surukin ya kare fuska da hannu yana salati. Mai Alli ya cire wayar.

"Tashi ka buɗe ƙofa. Ina ƙirgawa. Ɗaya."

Surukin ya miƙe. Babu ƙofa, babu siririn haske, sai wasu koraye da jajayen abubuwa suna yawo a idonsa. Ya miƙa hannu yana lalube, ya yi tuntuɓe da tsohuwar taya, ya ture bokitin ƙusoshi, ƙara ta cika wurin.

Daga waje mai faci ya ɗaga murya: "Lafiya dai? Ko surukai sun fara dambe ne in zo in raba?"

"Biyar," in ji Mai Alli, daidai lokacin da yaron ya fara gano inda ƙofar take. Ya buɗe musu, iska ta shigo. "Biyar na ƙirga. Mota mai gudu tana cinye tsawon filin ƙwallo a ƙirga biyar. Wanda ka haska, a makance zai ci filin nan, da sitiyari a hannunsa. Wa yake ƙarshen filin?"

Surukin ya daɗe yana murza ido. Sannan a hankali ya ce, "Ni ne."

"Kai ne. Da ƙwanka."

Yaron ya yi dariya duk da kansa, kunyar da ke tsakaninsu ta ɗan saki.

A ranar Mai Alli ya zaɓo masa fitilu biyu masu zagaye, masu tambari, ya ɗaura su a gaban motar, tsayinsu ɗaya, nisansu daga tsakiya ɗaya. Ya ja musu waya mai kauri da fiyus nasu. Ya haɗa su ta yadda ba za su taɓa kamawa ba sai an ba mota ful, wato haske mai nisa. Da zarar direba ya mayar dim, wato haske na kusa, don wani ya wuce, su ma sai su mutu da kansu, ko ya tuna da su ko bai tuna ba. Ya juya motar ta fuskanci bango, ya auna, ya ɗaure. Surukin ya ɗauka an gama, har ya buɗe ƙofar mota.

"Saura inshora," in ji Mai Alli.

"Inshora kuma? Baba, don fitila biyu? Wa zai sani?"

"Ranar da ka fi buƙatar su, ranar za su zagaya motar nan da biro a hannu. Motar da suka gani suka yarda su tsaya mata, ba ta da waɗannan. Ka canza ta ba ka faɗa musu ba, suna iya cewa ba ita ba ce, su juya maka baya, kuma takardar da ka sa wa hannu tana bayansu. Gobe da safe za mu je. Ni ma zan raka ka."

Suka je. Ofishin ɗan ƙarami ne a saman bene, da fanka mai ƙara da kujerun roba. Ma'aikaciyar da ke teburin, wata mai tabarau, ta saurare su, ta cire tabaran ta sake sawa.

"Kun zo ku faɗa mana tun kafin wani abu ya faru? Baba, yawanci sai mota ta zama gwangwani muke jin irin wannan labarin."

Ta sauko da kanta ta duba, ta ɗauki hoto, ta koma ta rubuta fitilun a jikin takardar, ta buga hatimi. Ƙarin da aka yi masa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka surukin ya yi ta ƙunƙuni a hanyar dawowa, wai an ɓata masa rabin yini a kan hatimi. Mai Alli ya yi kamar bai ji ba.

Wata takwas bayan haka, da damina, rana ta faɗi ke nan ana yayyafi, surukin yana dawowa daga gona da kaya cike. Wata ƙaramar mota ta fito daga bayan tirela za ta wuce, ta shigo hannunsa. Ya kauce iyakar iyawarsa, amma ta same shi ta gefen direba. Motar ƙwai ta juya ta daki bishiya. Sai da aka yanka ƙofa aka zaro shi, a sume, hannunsa a karye wuri biyu. Allah Ya sa babu wanda ya rasu.

Yana kwance a asibiti aka kawo maganar da ta fi karayar zafi. Direban ƙaramar motar ya ba da bayani cewa shi a hannunsa yake, fitilun ƙarin motar ƙwai ne suka makantar da shi. Idan wannan magana ta zauna, laifi ya koma kan surukin: kotu tana jiransa, lasisinsa yana cikin haɗari, kamfanin inshora kuma zai samu ƙofar fita. Tarin shekara goma sha biyu yana can a harabar 'yan sanda ya lotse. Auta ta kama hannun mahaifinta a barandar asibiti ta ce, "Baba, fitilun nan kai ka sa su."

Ba zargi take yi ba, amma maganar ta soke shi. Kwana uku yana juya ta. Ko wani ya taɓa wayar bayan shi? Ko shi ne ya yi kuskure, ga ido ya fara rauni?

Ranar da aka sa za a duba motar, ya isa harabar tun da hantsi, da batir a kan kafaɗa da 'yar jakar kayan aiki. Jami'in duba motoci yana nan, da mai binciken kamfanin inshora, da ɗan sandan da ya fara isa wurin hatsarin, da direban ƙaramar motar da filasta a goshi. Ɗan sandan ya karanta abin da ya rubuta a ranar: ya tarar da fitilar motar ƙwai ta gefen da bai bugu ba tana ci a dim, fitilun ƙari a mace.

"Ai kashe su ya yi bayan mun yi karo," in ji direban ƙaramar motar. "Irin waɗannan makunninsu daban ne, kowa ya sani."

"Mutumin da aka zaro a sume?" in ji ɗan sandan.

"To ko buguwar ce ta kashe su. Ni dai na ga haske huɗu."

Mai Alli ya matso. "Ranka ya daɗe, ni na sa su. A ba ni izini in jona batir, kowa ya gani da idonsa. Ba zan taɓa komai a ciki ba, kai za ka kunna."

Jami'in ya yarda. Mai Alli ya durƙusa a gaban motar, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika masa hanci, ya jona wayoyi biyu. Fitilar asali ta kama a dim, yadda aka bar ta. Na ƙari shiru.

"Danna makunninsu, ranka ya daɗe."

Jami'in ya danna. Shiru. Ya kashe ya sake dannawa. Shiru.

"Yanzu ba ta ful."

Ya ba ta ful. Fitilar ƙarin da ta tsira ta kama tar, da ranta. Ya mayar dim, ta mutu nan take. Ya yi haka sau uku, sannan ya fito ya bi wayar da yatsa tun daga fitila har fiyus.

"A dim ba za su iya ci ba," ya ce wa ɗan sandan. "A dim kuma ka same shi. Rubuta." Ya juyo ga Mai Alli. "Baba, shekarata goma sha tara ina duba motoci. Da haka kowa yake jona waya, da rabin aikina babu."

Sai mai binciken inshora ya matso. Ya buɗe fayil, ya zagaya motar da biro a hannu, ya tsaya a kan fitilun, ya duba takarda, ya duba hoton da ke maƙale da ita, ya ga hatimi. Ya rufe fayil ɗin ya ce, "An sanar da mu. Babu matsala ta wajenmu."

Direban ƙaramar motar ya zauna a kan wata taya ya dafe kai. Daga baya ya amsa cewa wuce tirela ya zo yi bai ga hanya sosai ba, tsoro ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa. Mai Alli bai zage shi ba. Ya tsaya a kansa ya ce, "Ɗana, ka gode wa Allah da kai da shi duk kuna numfashi. Mota ƙarfe ce." Bayan shekara guda mutumin ya kawo masa sabuwar motarsa a daidaita mata fitila, yana sunkuyar da kai. Mai Alli ya yi masa aikin kamar kowa.

Kamfanin ya biya. Surukin ya warke, ya sayi wata motar, yana nan yana jigilar ƙwansa. Ranar da aka sallame shi daga asibiti bai wuce gida ba, ya sa aka kai shi rumfar, ya durƙusa da hannu a rataye, ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka ya ci ƙarfinsa. Mai faci, wanda ba a taɓa ganin ya rasa abin cewa ba, ya juya ya shiga duba wata taya da babu abin da ya same ta.

Kai ne ka yarda 'yarka ta yi fushi da kai na kwana uku don kada ta yi kuka na shekaru. Kai ne ka san cewa gaskiya ba ta hana dattijo ya taka ya ba yaro haƙuri. Gwanin waya, mai hannu ɗaya ga attajiri da talaka, ga bare da suruki. Ba a taɓa kiranka an ba ka lambar yabo ba, domin aikinka irin wanda ba a gani ne: hatsarin da bai faru ba, ba ya shiga labarai.

Yanzu yanar ido ta taso masa a idanu biyu. Shi da kansa ya ce ya isa, tun ranar da ya ja layi a bango ya ga ya zama biyu. "Ba zan auna wa mutane haske da idon da ban yarda da shi ba," in ji shi. Rumfar za ta koma hannun Dogo, abokin aikinsa na shekara ashirin, wanda shi ma furfura ta fara masa sallama, kuma taurin kansa bai gaza na maigidan ba. Ƙungiyar direbobi ta roƙi Mai Alli ya riƙa zuwa duk ƙarshen wata yana yi wa sababbin direbobi bayani a kan fitila da doka da inshora. Ya ce zai zo, da sharaɗin za a ba shi kujera mai jingina kuma ba za a sa shi riƙe lasifika ba.

Makon jiya aka yi masa aikin idon dama, kuma an dace. Da aka cire bandejin, likita ta ɗauko 'yar tocilanta ta haska masa ƙwayar ido. Mai Alli ya ƙifta, ya ce, "Likita, mayar da ita dim, akwai mai tahowa." Inna ta ce tun da aka shiga da shi ɗakin tiyata ba ta saki ranta ba sai da ta ji wannan.

Mun gode, Mai Alli. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa na hagun ma a dace, Ya ba ka hutu mai daɗi a cikin jikokinka.

Ku kuma masu gyara da kuke tasowa, ga abin koyi a kusa da ku, ba sai an je nesa ba. Ku koyi cewa "ba zan sa ba" idan abin ya saɓa doka, ku kuma koyi nuna wa mutum abin da ya fi masa, kada ku bar shi ya tafi da haushi kawai. Masu motoci, kafin ku ƙara fitila ku tambayi abin da doka ta yarda da shi a inda kuke, ku sa a daidaita ta, ku taka ku sanar da masu inshorarku a rubuce. Rabin yini ne.

Idan kuma wata rana kana tafe, mota ta taso ta gabanka, ta sauke maka haskenta, ka ga gefen titi, ka ga mai keken da ke gabanka, ka isa gida yara suka rugo suka rungume ka, to mai yiwuwa motar nan ta taɓa tsayawa a rumfar wani tsoho da ba ka sani ba. Ka sa masa albarka. Yana nan da ransa, kuma zai ce amin.